Kundin aiki: zaɓen baƙin mai ga Mercedes SL500 ta 1994 a zafin Kano

11 ga Janairu, 2025

Motar ƙirar R129 ce, injinta M119: silinda takwas, lita 5, bawul 32, kamshaf huɗu a sama, kuma sarƙa ce ke jan su, ba bel ba. Mita tana nuna kilomita 187,400. Ba ta zo da takardar sabis ko ɗaya ba. Abin da aka sani kawai shi ne tun shigowarta ƙasar nan 20W-50 na gargajiya ake zuba mata a kowane juye. Aikin da ke gabana shi ne in mayar da ita kan baƙin mai sintetik, in kuma tantance kaurin da ya dace da wannan inji a garin da safiyar hunturu kan sauka ƙasa da digiri 15, ranar Afrilu kuma ta haura 40.

Abubuwa biyu nake ji a injin. Da safe sarƙa takan yi kwaramniya na ɗan lokaci kaɗan kafin mai ya hau. In ta yi zafi kuma, tafet (ƙaramin ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul) na ɓangaren dama yana ƙas-ƙas a silo, wato in inji yana aiki ba a taka totur ba, yana zuwa yana ɗaukewa.

Bakaniken da ke kula da ita ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota sai mai kauri. Ka zuba mata wannan ruwa-ruwan, ko'ina za ta kama yoyo." Ban yi watsi da maganarsa ba, domin akwai injinan da metal ɗinsu, wato shimfiɗar ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a kai, ya cinye, waɗanda mai kauri ne kaɗai ke riƙe musu matsi. Sai dai shekarun mota ba su ne ke nuna hakan ba, awo ne ke nunawa. Don haka ba za a taɓa man da ke ciki ba sai an auna shi tukuna.

14 ga Janairu

Na sayi gejin matsin mai na hannu mai kai bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), da tiyo da mahaɗansa, naira 24,000. Na'urar auna zafi mai siririyar waya da za ta shiga ramin sandar duba matakin mai, naira 17,500. Gejin dashbod na wannan mota yana tsayawa a bar 3, duk abin da ya wuce haka ba ya nunawa, kuma sensarsa ta shekara talatin tana aiki. Ba abin dogaro ba ne a aiki irin wannan.

18 ga Janairu

An cire sensar matsin mai daga jikin gidan filta, aka ɗaura geji a gurbinta. Awon tsohon 20W-50 ke nan. Da sanyin safiya, iska digiri 14, allura ta ɗan yi jinkiri kafin ta motsa, sannan ta haura bar 5. Bayan tafiya zuwa Kwanar Dangora da dawowa, mai yana digiri 96: a silo da giya a P bar 1.5, a D bar 1.2, a juyin inji 3,000 a minti ɗaya bar 4.6.

Ƙa'idar Mercedes ga injin da ya yi zafi ita ce kada matsi ya gaza bar 0.3 a silo, kada kuma ya gaza bar 3 a juyi 3,000. Ke nan ƙasan injin nan lafiya lau yake, akwai rarar matsi mai yawa, kuma babu hujjar cewa sai da 50 zai rayu.

Bari in rubuta ma'anar lambobin da ke jikin mai, irin 20W-50, sau ɗaya, domin a kansu duk shawarar za ta tsaya. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudana a tsananin sanyi: ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 15W a 20 ƙasa da sifili, 20W a 15 ƙasa da sifili. Wannan sanyi ba ya zuwa Kano, shi ya sa mutane ke cewa lambar farko ba ta shafe mu ba. Ta shafe mu, amma ta wata fuska. A safiyar digiri 15, kaurin 5W-40 yana kusan 300 a ma'aunin cSt, na 20W-50 na gargajiya kuma ya haura 700. Kusan ninki biyu da rabi ke nan, kuma a wannan lokacin ne ake so mai ya yi saurin isa ga abin ɗame sarƙa da tafet 32 da ke can saman inji. Lamba ta biyu kaurin mai ce a digiri 100: mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 tsakanin 16.3 da 21.9, mai 60 kuma daga 21.9 zuwa 26.1.

22 ga Janairu

Yau aikin takarda ne, na zauna da bayanan mayuka huɗu: 5W-30, 0W-40, 5W-40 da 15W-50.

Na fara fitar da 5W-30 irin wanda ya cika kasuwa don sababbin motocin Japan da Amurka. Dalili shi ne awon da ake kira HTHS, wato kaurin mai a digiri 150 yayin da ake murza shi da ƙarfi, irin halin da yake shiga tsakanin metal da kirankishaf. Yawancin waɗancan mayuka suna tsakanin 2.9 da 3.2, domin an yi su ne don rage shan fetur. Ƙa'idojin Mercedes na 229.3 da 229.5, da ta Turai ACEA A3/B4, duk suna neman 3.5 ko fiye. Injin da aka zana a shekarun 1980 da wannan kaurin aka yi lissafin ratar metal ɗinsa.

Sai batun sinadarin ZDDP, mai ɗauke da zinki da fosfaras, wanda ke yin shimfiɗar kariya a inda ƙarfe ke goga ƙarfe kai tsaye. A M119 hancin kamshaf yana danna kan tafet ne ba tare da rola ba, saboda haka yana buƙatarsa. An yi ta rage fosfaras a mai saboda yana kashe na'urar tace hayaƙi ta cikin salansa: a farkon shekarun 1990 iyakar kashi 0.12 cikin ɗari ce, daga 2004, zamanin ƙa'idar Amurka ta API SM, ta koma 0.08. Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan iyaka ta shafi mayuka marasa kauri ne kawai, irin su 0W-20, 5W-30 da 10W-30. Mai lamba 40 da 50 ba ta ɗaure su ba. Takardar Mobil 1 ta nuna 0W-40 ɗinsu yana da zinki kusan kashi 1,100 cikin miliyan, 15W-50 kuma kusan 1,300. Ga injin da ba a canja masa kamshaf ko sifirin na bawul zuwa na tsere ba, 1,000 zuwa 1,100 ya wadatar. Ba zan ƙara kwalbar zinki a kai ba. Kamfanin da ya haɗa mai ya daidaita sinadaransa da juna, ƙari daga waje yana iya ɓata wannan daidaito, ga kuma na'urar tace hayaƙin motar nan tana nan ba a cire ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran shafar mu a nan: ƙarfin mai na kashe tsami, wanda ake aunawa da TBN. Fetur mai sulfur da yawa yana haifar da tsami a cikin mai, kuma ingancin fetur a gidajen manmu ba ɗaya ba ne. A3/B4 yana neman TBN 10 ko fiye. Mayuka masu ƙarancin toka, irin masu lambar ACEA C3 ko 229.51, an rage musu waɗannan sinadarai don kare matatar hayaƙin motocin dizal na Turai, inda sulfur bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Galan zai iya ɗauke da 5W-40 da sunan Mercedes a jikinsa, amma in 229.51 ne, ba shi nake nema ba. Lamba ɗaya ce ta raba su da 229.5, a duba da kyau.

Tsakanin 0W-40 da 5W-40 bambancin kaɗan ne a wajenmu. Yawancin 0W-40 suna kusa da 13 a digiri 100, 5W-40 kuma kusa da 14, kuma ya fi sauƙin samu da araha. Na tsayar da 5W-40 mai A3/B4 da 229.5 a matsayin gwajin farko. 15W-50 zai zauna a gefe har a ga abin da bazara za ta nuna. 10W-60 ban ma saka shi a lissafi ba, an yi shi ne don wasu injina na musamman irin na BMW M3 ƙirar E46, kuma a wannan inji ba abin da zai ƙara sai zafi da nauyin juyi.

Kalmar sintetik kanta ba ta da ma'ana ɗaya a ko'ina. Tun 1999 a Amurka ana kiran man rukuni na uku, wato ɗanyen mai da aka tace sosai da haidurojin, da wannan suna. A Jamus kuwa an fi keɓe sunan cikakken sintetik ga PAO da esta, waɗanda ake haɗawa daga sinadarai. Ban damu da wannan gardama ba matuƙar man ya ci jarrabawar 229.5.

25 ga Janairu

Kasuwa. A wani shago an miƙo mini galan mai lita 5 a kan naira 41,000, alhali a wurin dillalai farashinsa ya haura 65,000. Zoben murfin ya riga ya rabu an manne shi, lambar rukunin da ke gindin galan ta dushe kamar an goge, kuma ba ta yi daidai da ta jikin kwali ba. Na ajiye. Ana tara galan da aka zubar a sake cika su da man da aka tace daga tsohon juye, kuma ido ba ya rarrabe shi da na gaske in an zuba a inji.

Na saya a wurin dillalin kamfani da rasit: galan biyu, lita 10, naira 136,000. Injin yana cin lita 8 tare da filta, sauran biyun na ciko ne. A jikin galan an rubuta MB-Approval 229.5, kuma sunan man yana cikin jerin da Mercedes ke wallafawa a intanet. Wannan ya bambanta da rubutun da ke cewa man "ya dace da buƙatun" ƙa'idar, wanda iƙirarin mai sayarwa ne kawai. Filta ta Hengst guda biyu, naira 19,000. Gasket na ƙaramin kaskon mai da washar noti, naira 14,000, daga Ƙofar Ruwa.

1 ga Fabrairu

Juyen farko. Ba a zuba maganin wanke inji ba, kuma ba a wanke da kananzir ko dizal ba kamar yadda wasu gareji ke yi. In akwai daskararriyar dauɗa, wankin gaggawa yana ɓamɓaro ta gunduwa-gunduwa ta toshe rariyar famfon mai, daga nan sai metal ya lalace. Mai sintetik zai narkar da ita a hankali, filta ta kama, a yi juye da wuri.

An dumama injin, aka sauke man, sannan aka kwance ƙaramin kaskon ƙarfe da ke ƙasa. A gindinsa akwai baƙar dauɗa mai kaurin kusan rabin santimita, tana da danƙo kamar daddawa. Da aka tace ta a kan tsumma da fetur sai ga gutsattsarin roba uku masu launin ƙasa-ƙasa, babban cikinsu ya kai farcen babban yatsa, gefe ɗaya santsi da sawun sarƙa a jiki. Ɗaya yana maƙale a rariyar famfo. Waɗannan daga madogaran sarƙar taimin suka karyo. Roba ce da ke bushewa da zafi da shekaru, kuma sanannen ciwo ne a M119. In gutsure ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoran kamshaf, sarƙa ta tsallake, bawul ya haɗu da fistin. Babu ƙyallin ƙarfe ko na tagulla a dauɗar, wannan ya yi daidai da awon matsi.

An wanke rariya da kasko, an mayar da sabon gasket, an saka filta da sababbin zoben robarta, an zuba lita 7.5, aka tayar, aka bar ta ta huta minti biyar, aka cike zuwa ɗan ƙasa da layin sama. Kuɗin aiki naira 20,000. Galan da ya ƙare an huda shi kafin a yar.

Daga yau motar ba za ta yi doguwar tafiya ba sai an buɗe sama.

3 ga Fabrairu

Gajeren zagaye a hankali don awo kawai. Da safe allura ta tashi nan take, kwaramniyar sarƙa ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba. Mai a digiri 94: a P bar 1.1, a D bar 0.9, a juyi 3,000 bar 4.1. Duk sun wuce ƙa'ida da nisa. Ƙarar tafet ta dama kuwa ta ƙaru, yanzu ba ta ɗaukewa.

6 ga Fabrairu

Yoyo ya bayyana. Mai yana tsiyayowa daga bayan murfin bawul na hagu zuwa kan bututun salansa, ana jin ƙaurinsa in an tsaya. Bakanike ya nuna mini da tocila ya ce, "Ka gani ko, Alhaji?" Ya yi gaskiya cewa sabon man ne ya fito da shi. Amma da aka taɓa gefen gasket da sukurdireba sai ya ɓare kamar busasshen katako. Ya daɗe da mutuwa, dauɗa ce ta liƙe tsagar, sabon man ya wanke ta. Man sintetik na yau ana gwada shi a kan robobin sil kafin a ba shi lambar amincewa, ba ya cin su.

8 ga Fabrairu

An buɗe murafun bawul biyu. Ga abin da aka tarar.

M119 yana da ƙananan bututu 16 da ke zaune tsakanin kamshaf, takwas a kowane ɓangare, su ne ke tsallakar da mai zuwa layin tafet. Injinan farko da alminiyom aka yi musu su, daga baya kamfanin ya koma roba, kuma na wannan mota roba ne. Kowanne yana da ɗan murfi a ƙarshensa. A ɓangaren dama murfin bututu ɗaya ya fice gaba ɗaya, an same shi kwance a lungun tofsilinda, na biyu kuma ya tsage. Mai yana fita ta ramin maimakon ya cika tafet, tafet ya zauna babu matsi, sai ƙas-ƙas. 20W-50 yana rage gudun zubar, shi ya sa ƙarar take zuwa tana ɗaukewa a da. Bai gyara komai ba, ɓoyewa ya yi.

Madogaran sarƙa na sama, waɗanda ke tsakanin haƙoran kamshaf biyu, na dama ya karye kunne ɗaya. Na ciki a ɓangaren hagu shi ma ya rasa kai, kuma girman abin da ya ɓace ya yi daidai da gutsattsarin da aka samu a kasko. Hancin kamshaf duka santsi, ba zane, ba rami. Launin cikin inji ruwan zuma mai duhu, dauɗa tana kusurwoyi kawai. Ramukan filogi biyu cike da mai saboda zoben gasket ɗinsu sun bushe. Maganaɗisun da ke sarrafa juyin kamshaf na shiga, na hagu yana jiƙe da mai har cikin soket. Wannan tsarin da matsin mai yake aiki, wani dalili ke nan da ya sa ba a son mai mai nauyi fiye da kima a injin nan.

An yi odar kaya: bututu 16 na alminiyom da sababbin zoben roba 32, madogaran sarƙa na sama duka, abin ɗame sarƙa, gasket na murafu biyu da na ramukan filogi, maganaɗisu ɗaya. Jimla da kuɗin kawowa naira 412,000. An rufe injin da leda da tsumma saboda ƙurar hunturu.

22 ga Fabrairu

Kaya ba su iso ba. Rewaya ya duba wayarin na saman inji, domin motocin Mercedes na waɗannan shekaru rigar wayarsu takan ruɓe. An riga an canja na wannan, lafiya yake.

8 ga Maris

An ɗaura komai. Kafin a taɓa madogaran ciki an kulle kamshaf an yi wa sarƙa da haƙora alama da fenti, an toshe ramin da ke gangarawa ƙasa da tsumma don kada fil ko noti ya faɗa. An duba miƙewar sarƙa, ba ta kai a canja ba. Kowane zoben roba an shafa masa sabon mai kafin a danna bututu, in ba haka ba yakan yage a bakin rami. An juya injin da hannu zagaye biyu, alamu suka dawo daidai, sannan aka tayar. Kuɗin aiki naira 85,000.

Tafet sun yi ƙara kusan minti goma suna fitar da iska, daga nan shiru.

11 ga Maris

Mai a digiri 97: a P bar 1.3, a D bar 1.1, a juyi 3,000 bar 4.3. Rufe zubar da ke sama ya dawo da bar 0.2 ba tare da an canja mai ba. Kwaramniyar safe ta ɓace. Babu yoyo.

5 ga Afrilu

Kilomita 1,300 a kan man farko, har da zuwa Kaduna da Sallah. Man ya yi baƙi da wuri, abin da ake tsammani ke nan daga mai da ke wanke tsohuwar dauɗa. An yi juye na biyu da irin man. An yanka takardar tsohuwar filta aka miƙe ta a rana: baƙin gari a cikin lanƙwasoshi, ƙananan ɓurɓushin roba biyu, ba ƙyallin ƙarfe. Galan biyu naira 139,000, aiki 8,000. Lita biyun da suka rage daga sayen farko an yi ciko da rabin lita bayan aikin sama.

12 ga Afrilu

Zafi ya sauka sosai, iska digiri 41 da azahar. Wannan ne gwajin da ake jira. Bayan gudu a titin Zariya, na shiga cunkoson cikin gari da esi a kunne. Allurar ruwa ta haura 105, mai ya kai digiri 120. A D matsi ya sauka bar 0.6, a P 0.8, a juyi 3,000 bar 3.5. Har yanzu yana cikin ƙa'ida, amma rarar ta yi ƙanƙanta, kuma allurar dashbod da ta kwanta kusa da ƙasa ba abin jin daɗin kallo ba ce.

A nan ne 15W-50 ke da hujja mai ƙarfi, kuma na yi lissafinsa da gaske. 5W-40 mai kauri 14 a digiri 100 yana komawa kusan 9.4 a digiri 120. 15W-50 mai kauri 18 yana komawa kusan 11.8 a wannan zafin. To amma 5W-40 ɗin nan a digiri 108 kaurinsa kusan 11.8 ne shi ma. Ma'ana, rage zafin mai da digiri 12 daidai yake da hawa daga 40 zuwa 50, kuma ya fi shi amfani, domin ƙiyasin da aka saba shi ne duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Mai kauri kuma shi kansa yana ƙara zafi saboda gogayya a cikinsa, yana kuma rage yawan man da ke wucewa ta metal yana kwashe zafi. Ruwan injin nan bai kamata ya kai 105 cikin sauƙi haka ba. Sai an gyara sanyaya kafin a yanke hukunci a kan mai.

19 ga Afrilu

Matsaloli uku aka samu a ɓangaren sanyaya. Kulocin fanka ya mutu: da inji ya yi zafi aka kashe, fankar tana juyawa da yatsa ɗaya ba turjiya, kuma ba a taɓa jin gurnaninta a cunkoso ba. Tsakanin kwandensar esi da lagireto akwai tabarmar ƙura da auduga da guntayen leda da ta rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, ba a ganinta sai an raba su. Na uku, babu tamostat a gidansa, an cire shi tun da daɗewa, al'adar da ta yaɗu a garejinmu da sunan maganin zafi. A injinan Mercedes tamostat yana da faifai a gindinsa da ke rufe gajeriyar hanyar ruwa in inji ya yi zafi. In babu shi, wani kaso na ruwan yana zagayawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. Da safe kuma inji yana daɗewa bai yi ɗumi ba, fetur yana sauka cikin mai yana tsinka shi.

Kulocin fanka naira 118,000, tamostat mai buɗewa a digiri 80 naira 32,000, ruwan sanyi mai lambar Mercedes 325.0 rabi da rabi da tataccen ruwa naira 46,000, aiki 25,000. An wanke lagireto daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi don kada fikafikan su lanƙwashe.

26 ga Afrilu

Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, iska digiri 42. Ruwa ya tsaya tsakanin 88 da 95, ana jin fanka tana kamawa tana saki. Mai bai wuce digiri 107 ba. A D bar 0.95, a P bar 1.15, a juyi 3,000 bar 4.0.

10 ga Mayu

Ba abin rubutawa sai duba matakin mai kowace Asabar da safe, a wuri ɗaya mai daidai, kafin a tayar.

24 ga Mayu

Kilomita 2,100 tun juyen Afrilu, ciko bai kai rabin lita ba. Babu shuɗin hayaƙi a silo ko bayan gangara. Ɗigon mai a kan farar takarda ya bazu da launi ɗaya, ba baƙin zobe mai kauri a tsakiya, ba warin fetur mai ƙarfi.

5W-40 mai A3/B4 da 229.5 zai ci gaba da zama man motar nan duk shekara. Sharuɗɗan da za su sa in hau zuwa 10W-50 ko 15W-50 na rubuta su a littafin mota: in matsi a D ya sauka ƙasa da bar 0.7 alhali mai bai wuce digiri 110 ba, ko ya gaza bar 3.5 a juyi 3,000, ko shan mai ya kai lita ɗaya a kilomita 1,500, ko kuma za a yi mata wunin gudu mai tsanani a bazara. Ko da hakan ta faru, za a fara auna kwamfureshan a duba sil na bawul kafin a canja galan.

Juye zai kasance duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, saboda ƙura da fetur da gajerun tafiye-tafiyen cikin gari, duk da cewa man zai iya fin haka a Turai. Filtocin iska biyu za a duba su kowane wata a hunturu, domin ƙurar da ta wuce su a cikin mai take ƙarewa. A juye na gaba za a sake kwance ƙaramin kasko a tabbatar ba sauran roba a rariya, a canja sensar matsin mai da ta matakin mai wadda ta fara jiƙewa, sannan a cire gejin hannu. Kasafin wannan aiki naira 230,000, kuma zai zo ne wajen ƙarshen Yuli.